JAN IDO: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Da wuya shekara ta zagayo ba a ga jan ido ya ratsa garuruwanmu ba. Idan lokacinsa ya zo, sai ka shiga kasuwa ka tarar mai rumfa ya toshe fuska da baƙin tabarau tun da sassafe, ka leƙa ofis ka iske akawu yana share hawaye da hankici yana lalube a kan takarda, a makaranta kuwa rabin aji ba su zo ba. A irin wannan lokaci kowa likita ne. Wannan ya ce a ɗiga ruwan sukari, wancan ya ce nonon mai jego, wani kuma ya ce a je kemis a karɓo maganin nan mai ƙarfi wanda ke washe ido cikin dare ɗaya.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, jan ido alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Cututtuka dabam-dabam ne ke kawo shi. Mafi yawansu suna wucewa da kansu idan an kiyaye tsabta an yi haƙuri, amma akwai kaɗan daga cikinsu waɗanda ke iya ɗauke gani cikin kwana biyu ko uku. Saboda haka aikin mai hankali shi ne ya san yadda zai bambance su, ya kuma kame hannunsa daga zuba wa ido abin da bai sani ba. Idanu da yawa sun tsira daga cutar da ta kama su, maganin da aka zuba musu ne ya hallaka su.

ME YA SA IDO KE YIN JA?

Farin ido da cikin fatar ido a lulluɓe suke da wani siririn tantani garai-garai, wanda ke ɗauke da 'yan ƙananan jijiyoyin jini da ba a cika ganinsu ba. Da zarar ƙura, ko hayaƙi, ko ƙwayar cuta ta taɓa wannan tantani, sai jijiyoyin su buɗe su cika da jini, ido ya kaɗa ya yi ja. A gaban baƙin ido kuma akwai wani ɓawo mai kama da gilashi, kaurinsa kimanin rabin milimita ne, ta nan haske ke shiga. Za mu kira shi tagar ido.

A nan asirin maganar yake. Ciwon da ya tsaya a kan tantani yana da damuwa da ban haushi, amma ba kasafai yake taɓa gani ba. Wanda ya kama tagar ido kuwa, ko ya shiga bayanta, shi ne abin tsoro, domin idan taga ta yi gyambo ta warke da tabo, tabon nan fari shi ne hakiya, kuma haske ba ya ratsa ta.

Magabata sun san wannan bambanci. Aliyu ɗan Isa, likitan ido na Bagadaza wanda ya rayu wajen shekara dubu da suka wuce, ya bayyana cututtukan ido kimanin 130 a littafinsa Tazkiratul Kahhalina, kowace da alamominta da maganinta. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa ɗan littafi musamman a kan magungunan ido. Ba su ɗauki ciwon ido abu guda mai magani guda ba, sai da suka rarrabe shi tukuna.

APOLO

Wanda kowa ya fi sani shi ne apolo. An fara ganin annobarsa a ƙasar Gana a shekarar 1969, daidai lokacin da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, sai jama'a suka laƙa masa sunan kumbon, har wasu suka ce ƙurar wata ce aka kwaso. Daga Gana ya bi hanyoyin fatauci ya shigo Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, sa'an nan ya watsu cikin duniya. Daga baya masana suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce ta jinsin bairus ke kawo shi. Akwai kuma waɗansu bairus ɗin, dangin masu kawo mura, waɗanda ke haddasa ciwo mai kama da shi, jama'a duk apolo suke kiransu.

Alamominsa su ne: ido ya yi ja farat ɗaya, ya riƙa zubar da hawaye, a ji kamar an zuba yashi, fatar ido ta kumbura, wani lokaci a ga ɗigon jini a kan farin ido. Yakan fara da ido ɗaya, kafin kwana biyu ya kama ɗayan. Amma gani ba ya raguwa: idan an share hawayen, mutum yana iya karanta abin da ya saba karantawa.

Ba a ɗaukar apolo ta hanyar kallon mai shi. Hannu ne ke ɗaukarsa. Mai ciwo ya murje ido ya yi musafaha, ko ya ƙirga kuɗi, ko ya riƙe buta, ko marfin ƙofa, ko wayar hannu, wani ya taɓa ya kai hannu idonsa, shi ke nan ya kamu. Haka kuma hankici ɗaya, tawul ɗaya, matashin kai ɗaya, tsinken kwalli ɗaya.

Babu maganin ɗigawa da ke kashe wannan ƙwaya. Jiki ne ke yaƙarta, ya gama da ita cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani nau'in har uku. Abin da ake yi shi ne a goge kwantsa da auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, kowane ido da tasa audugar. A ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi bisa ido a rufe. A yawaita wanke hannu da sabulu. A ware tawul da matashi. Ana iya ɗiga maganin nan mai kama da hawaye don rage jin yashi.

Wanda ya kamu, ya fi kyau ya zauna gida 'yan kwanakin da idonsa ke zuba. Shari'a ta hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa shiga sahu don kada warinta ya cuci masallata, malamai kuwa sun yi ƙiyasin cuta mai yaɗuwa a kan wannan. In ya zama dole ya fita, ya zo da butarsa da dardumarsa, ya yi sallama da baki ya bar musafaha. Shugaban ofis da ya ba ma'aikacinsa hutun kwana uku ya fi riba a kan wanda ya tilasta masa zuwa, domin na biyun zai wayi gari ya ga duk ofis ɗin sun sa tabarau.

MAI KWANTSA DA MAI RUƁA

Akwai jan ido wanda ƙwayoyin bakteriya ke kawowa. Ana gane shi da kwantsa mai kauri, rawaya ko kore-kore, wadda ke liƙe ido da safe har sai an jiƙa shi kafin ya buɗu. Wannan shi ne wanda malamin asibiti kan ba da maganin ɗigawa na kuloramfenikol ko man ido na tetirasakilin dominsa, kuma yakan yi sauƙi cikin kwana biyar zuwa bakwai.

Amma idan ruɓa ta yi yawa, ana sharewa tana dawowa nan take, fatar ido ta kumbura sumtum, to a yi hanzari. Ƙwayar ciwon sanyi ce kan yi haka, kuma tana iya huda tagar ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganin ɗigawa kaɗai ba ya isarta, sai an haɗa da allura. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa wanke ido da fitsari ya zama babban ganganci: bayan kasancewarsa najasa, idan mai fitsarin yana ɗauke da wannan cuta, an kai ta ido da hannu.

Jariri kuwa hukuncinsa dabam ne. Duk jaririn da bai cika kwana 28 ba, idan idonsa ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana fitar da ruɓa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna, kada a ɗiga masa nono. Yakan kwashi ƙwayar ne wajen haihuwa, don haka uwa da uba su ma a duba su. Ungozomomi da masu jego su lura da wani abu kuma: maganin nan na kuloheksidin da ake shafa wa cibiya ba na ido ba ne. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa, bayan an sami jarirai a ƙasashen Afirka waɗanda aka zuba musu shi a ido bisa kuskure, idanunsu suka ƙone, waɗansu suka makance.

MAI ƘAIƘAYI

Idan babban abin da ke damun mutum ƙaiƙayi ne, a ido biyu, yana tafiya yana dawowa, musamman tare da atishawa, to galibi borin jiki ne, watau jiki bai jitu da ƙura, ko furen tsirrai, ko hayaƙi, ko gashin dabba ba. Ba ya yaɗuwa. Akwai nau'insa mai tsanani da ke kama yara a ƙasashe masu zafi irin namu, ya fi yawa ga maza: yaro ya yi ta murzar ido, yana fitar da kwantsa mai yauƙi kamar zare, farin idonsa ya rine ya koma ruwan ƙasa. Sau da yawa akan zalunci irin wannan yaro a ce ya fara shaye-shaye, alhali kuwa ciwo ne, kuma yawancinsu yana barinsu bayan sun balaga.

Maganinsa shi ne ruwan sanyi bisa ido a rufe, da hana murza, da magungunan ɗigawa na ƙaiƙayi waɗanda likita zai rubuta. Murza ba ta kashe ƙaiƙayin, ƙara shi take yi, kuma idan ta daɗe tana iya sirantar da tagar ido ta karkace.

ƘURA, HAYAƘI DA WURIN SANA'A

Da hunturu, iska ta bushe, hazo ya sauko, hawayen da ke jiƙa ido su riƙa ƙafewa da wuri, sai ido ya yi ja yana raɗaɗi. Ma'aikacin da ke wuni gaban kwamfuta, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki tana hura masa fuska, shi ma haka, domin mai ƙura wa allo ido yana rage ƙiftawa zuwa rabi ko ƙasa da haka. Likitoci suna ba da shawarar bayan kowane minti 20 ya ɗaga kai ya dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ya kuma yi amfani da maganin hawaye idan bushewar ta dame shi. Direba, da ɗan acaɓa, da mai sayar da hatsi ko barkono, tabarau ne garkuwarsu. Daɗewa cikin rana da ƙura shi ke sa wata tsoka ta tsiro daga gefen hanci tana rarrafe zuwa baƙin ido. Idan ta kusa rufe gani, likita yana cire ta da ɗan ƙaramin aiki.

Mai walda da ya kalli wuta ba kariya, ba ya jin komai nan take, sai bayan sa'a 6 zuwa 12 ciwon ya tashe shi cikin dare. Mai wasa ƙarfe ko maƙeri da ɓarɓashi ya faɗa masa ido, kada ya yarda a tono shi da tsinke ko bakin ashana. Idan kuwa siminti, ko farar ƙasa, ko ruwan batir, ko sodar sabulu ta fallatsa a ido, ba a neman mota tukuna: a buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. Waɗannan mintuna na farko su ne ke yanke hukuncin ko idon zai rayu.

Wani lokaci kuma mutum kan tashi ya ga jini ya kwanta jajur a gefen farin idonsa, babu ciwo, babu kwantsa, gani lafiya lau. Ƙaramar jijiya ce ta fashe saboda tari, ko yunƙuri, ko ɗaukar kaya mai nauyi. Yana da ban tsoro a gani, amma yana washewa da kansa cikin mako biyu ko uku. Abin da ya kamata shi ne a je a auna jini, don hawan jini yana kawo shi.

AMOSANIN IDO

Akwai ciwon da ba ya zuwa da hayaniya kamar apolo, amma ya fi shi ɓarna, shi ne amosanin ido, wanda likitoci ke kira tarakoma. Ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, yana yaɗuwa tsakanin ƙananan yara ta hannu, da zane, da ƙudaje masu sauka a kan kwantsa da majina. Yaro ya kamu ya warke, ya sake kamuwa, shekara da shekaru, har cikin fatar ido ya yi tabo ya tsuke. Idan ya girma sai fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar tagar ido da kowace ƙiftawa, har hakiya ta rufe ta. Tsofaffin nan da ake gani a ƙauye suna tsige gashin ido da matsefata, shi ke damunsu. Ya fi makantar da mata, saboda su ke tare da yara. Ya daɗe yana addabar wurare masu ƙarancin ruwa a Kano, Jigawa, Katsina, Sakkwato, Zamfara, Yobe da Barno, da yankunan Maraɗi, Damagaram da Difa a Nijar.

Hanyar yaƙarsa huɗu ce: ɗan aikin tiyata don miƙe fatar ido, wanda ba ya ɗaukar rabin sa'a, rarraba maganin azitiromaisin ga dukkan mutanen gari, wanke fuskar yara, da samar da ruwa da masai, domin a kan bayan gida da aka bari a fili ƙudan ke ƙyanƙyasa. Da wannan hanya Gana ta sami shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 cewa ta kawar da shi daga matsalolin lafiyar jama'a, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Mali da Benin a 2023. Babba mai alwala sau biyar a yini ya wanke fuskarsa. Yaron da bai kai sallah ba shi ne aka bari da kwantsa, kuma shi ne matattarar cutar. Wanke masa fuska safe da yamma aiki ne ƙarami mai babban sakamako.

Haka nan ƙyanda. Yaron da ta kama, idonsa kan yi ja ya ƙi buɗuwa, kuma idan jikinsa ba shi da isasshen bitamin A, tagar idon tana iya narkewa. Rigakafi, da bitamin A da ake bayarwa a asibiti, da abinci irin su manja, zogale, karas, gwanda, mangwaro, ƙwai da hanta, su ne kariyarsa.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. A rufe ido mai lafiya da tafin hannu, a share mai ciwon, a dubi rubutun da aka saba karantawa. Sa'an nan a tambayi kai: jin yashi ne kawai, ko ciwo ne mai zurfi? Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya nemi likitan ido a ranar:

Na ɗaya, gani ya ragu ko ya dushe. Na biyu, ciwo mai tsanani a cikin ƙwayar ido. Na uku, haske yana soka ido har ba a iya buɗe shi. Na huɗu, farin ɗigo ko gajimare a kan baƙin ido. Na biyar, jan ya biyo bayan rauni, ko da karan dawa ne ya shafi ido lokacin girbi, domin irin wannan ƙarzuwa ce ke zama gyambo. Na shida, ruɓa mai yawa. Na bakwai, ƙuraje masu ruwa a goshi ko kan hanci a gefe ɗaya na fuska. Na takwas, jan ido ga jariri, ko ga wanda aka taɓa yi wa aikin ido, ko mai sa ɗan gilashin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido. Na tara, jan da ya wuce mako guda bai fara sauƙi ba.

Akwai kuma wanda ya fi kowanne gaggawa: ido ɗaya ya yi ja ya yi tauri, da matsanancin ciwon kai da amai, mutum yana ganin zobba masu launi kewaye da fitila. Wannan hawan jinin ido ne na farat ɗaya, watau ruwan da ke cikin ido ya rasa mafita ya danne jijiyar gani. Sa'o'i ake ƙirgawa a nan. Sai dai a sani, nau'in hawan jinin ido da ya fi yawa ga baƙar fata ba ya sa ja, ba ya sa ciwo, a ɓoye yake cin gani, shi ya sa wanda ya kai shekara 40 ya kamata ya riƙa zuwa ana auna masa ido ko da bai ji komai ba. Binciken makanta da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, watau mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta irin wadda ake iya hanawa ko warkarwa ce.

ABIN DA LIKITA KE YI

Tsoron asibiti yana hana mutane da yawa zuwa, alhali binciken jan ido ba shi da zafi. Likita zai tambayi yaushe ya fara, ido ɗaya ko biyu, da abin da aka riga aka zuba. A gaya masa gaskiya, a kuma tafi masa da kwalaben. Zai sa a karanta allon gwaji, wanda bai yi boko ba akwai allon da ake nuna wa da hannu. Zai haska ido, ya juya fatar sama ya duba ko wani abu ya maƙale. Zai ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa, wanda ke sa duk wata ƙarzuwa ko gyambo a tagar ido ta fito kore a ƙarƙashin shuɗin haske. Zai duba da na'ura mai girmama abu, ya auna ƙarfin ruwan ido, wanda ga mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21. In akwai ruɓa, ya ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji. Ana samun wannan a sashen ido na manyan asibitocin jihohi, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da manyan asibitocin Yamai da Damagaram.

ABIN DA BA A ZUBA WA IDO

Ruwan sukari, gishiri, lemun tsami, albasa, taba, fetur, kananzir, ƙaron itace, garin saiwa, nono, miyau da fitsari, duk ba su da wuri a cikin ido. Waɗansu ƙonawa suke yi, waɗansu ƙwayoyin cuta suke kaiwa. Abin da ke yaudarar jama'a shi ne apolo dama zai warke da kansa, sai abin da aka zuba ya karɓi yabo. Wanda nasa ya lalace kuwa sai a ce ƙaddara.

Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa ranar Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, yana fama da ciwon ido, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa tofi a idanunsa ya yi masa addu'a, ya warke nan take. Wannan mu'ujiza ce ta Annabi. Miyau na waninsa ɗauke yake da ƙwayoyin cuta. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, a yi addu'a a tofa a hannu a shafa bisa ido a rufe, amma tawada da ruwan allo kada su shiga ciki.

Mafi haɗari a zamanin nan shi ne maganin kemis mai sinadarin sitiroyid, irin su deksametazon, betametazon da firedinisolon, sau da yawa a gauraye da wani maganin a kwalba ɗaya. Yana kawar da ja da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa ake son sa. Amma idan akwai gyambo a tagar ido, yana hura masa wuta har ta huje. Idan kuma aka daɗe ana ɗigawa, musamman ga yara masu ƙaiƙayi, yana kawo hawan jinin ido da yanar ido. Ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa. Magani ne mai amfani a hannun likitan da ke auna ido yana bibiya, guba ne a hannun wanda ya saya da kansa. Mai kemis da ya sayar da shi ba takarda ya tuna cewa ribar kwalba ɗaya ba ta kai idon ɗan wani ba. Ko maganin da likita ya rubuta ma, ba a karɓa-karɓa da shi, ba a bari bakin kwalbar ya taɓa ido, kuma ana zubar da shi mako huɗu bayan buɗewa.

KWALLI DA AZUMI

Sa kwalli abu ne da ya zo a hadisai, kuma wanda aka ambata shi ne dutsen isimidi. Amma gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna cewa kwallin da ake sayarwa a kasuwanni, da yawansa dutsen dalma ne. A shekarar 2012 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, da aka gwada tozalin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ne. Dalma tana daƙile ƙwaƙwalwar yaro, kuma mutanen Zamfara sun ga ɓarnarta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka a daina sa wa jarirai da ƙananan yara kwallin da ba a tabbatar da asalinsa ba, kowa ya riƙe tandunsa da tsinkensa, kuma ba a sa kwalli a idon da ke ciwo.

Game da azumi, a mazhabar Malikiyya abin da aka sa a ido da rana, idan ɗanɗanonsa ya isa maƙogwaro, ana rama wannan yini. Hanafiyya da Shafi'iyya suna ganin ba ya karya azumi. Majalisar Fikihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa maganin ɗigawa a ido ba ya karya azumi matuƙar an guji haɗiye abin da ya isa maƙogwaro. Dalilin jin ɗacin shi ne akwai 'yar ƙaramar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci. Idan mutum ya ɗiga magani ya rufe ido, ya danna kusurwar da ke kusa da hanci da yatsa na minti biyu, ya tare mafi yawansa, maganin ma ya fi aiki. Magungunan da ake ɗigawa sau ɗaya ko sau biyu a yini, likita yana iya daidaita su da sahur da buɗa baki. Mai gyambon ido da mai hawan jinin ido kuwa kada su yanke magani saboda azumi, domin azumi ana rama shi, ido ba a rama shi. A alwala ma ba a wajabta shigar da ruwa cikin ido ba, wanda aka ɗaure wa ido da bandeji kuma shafa kawai zai yi a kai.

To, 'yan'uwa, ido amana ne, kuma biyu rak aka ba mu. Da shi ɗan kasuwa ke duba awo, da shi ma'aikaci ke neman abincin iyalinsa, da shi ake karatu. Idan ya yi ja, a wanke hannu, a goge shi da ruwa mai tsabta, a gwada gani. In gani yana nan, babu ciwo mai zurfi, a yi haƙuri a kiyaye mutanen gida. In ɗaya daga alamomin nan ta bayyana, a rufe rumfa, a nemi izini a ofis, a tafi asibiti a ranar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana ganinmu, amin.